Hatimi Biyu a Igiya Ɗaya

Bangon da ya raba kicin ɗinmu da na su Tolegen-aga bai fi kaurin tafin hannu ba. Tun ina yarinya na san ranar da suke soya kifi, na san ranar da jikansu ya kwana da tari. Faɗa ne dai ban taɓa ji ba, sai wata Lahadi da la'asar, ina tsaye ina yanka albasa.

Muryar matarsa, Kulpash-apa, ita ta fara ratso bangon. A wurinmu aga da apa kalmomin girmamawa ne da ake liƙa wa sunan na gaba, aga ga namiji, apa ga mace.

"Tsoho, in ka kai shi ofishin nan, kada ka dawo ka miƙa hannu a kan abincina. Mutumin da ya haƙa kabarin mahaifinka da hannunsa, ƙasa ta daskare kamar dutse, 'yan uwanka suna tsaye suna hura yatsu?"

"Ni ban ce zan kai shi ba," in ji Tolegen-aga. "Na ce zan faɗi abin da na sani."

"To meye bambancin? Tun bara kake rufa masa asiri, bakinka a ɗinke. Sai yanzu da aka ce mutum ɗaya za a bari a wurin, shi ne gaskiya ta taso maka kamar ciwon haƙori? Kana ganin mutanen garin nan makafi ne?"

Na ajiye wuƙar. Butar shayinsu ta fara kuka, ba wanda ya sauke ta. Can ya faɗi wata magana a hankali, ban ji ba, sai ƙarar ƙofa, sai takunsa yana sauka daga bene, taku mai nauyi irin na mutumin da bai san inda za shi ba.

Wanda suke faɗa a kansa shi ne Gennadi, Barashe, wato mutumin Rasha, abokin aikin Tolegen-aga a tashar nukiliya da ke bayan gari. Kulpash-apa ba ta kama sunansa, kamar yadda ba ta kama sunan yayyen mijinta. Yaya Dogo take ce masa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayinsa a gidan.

Tolegen-aga ɗan makiyayin raƙuma ne. Ya zo garinmu bayan ya gama aikin soja, da jaka ɗaya da takalmin da ya fi ƙafarsa, a lokacin da tashar ce uwa da uban kowa. Ita ke ba mu wuta, ita ke tace ruwan teku ya zama na sha, tunda ba mu da kogi ko rijiyar kirki. Aka ɗauke shi gadin ƙofa. Gennadi kuma ya riga shi zuwa daga arewa, da takardar makarantar sana'a, yana aiki a ɗakin ajiya. A motar ma'aikata suka saba, saboda kullum su biyu ke makara, su tsaya kusa da ƙofa suna riƙe ƙarfe ɗaya. Gennadi ya sa masa suna makiyayi. Shi kuma yana kiransa ci-kabeji.

Da ƙasar Sobiyat ta watse, albashi ya tsaya, Rashawa suka riƙa sayar da kaya suna komawa gida. Gennadi bai tafi ba, saboda matarsa Raisa tana fama da ciwon ƙirji, likita ya ce ba za ta iya tafiya ba. Tolegen-aga ya riƙa zuwa ƙauye yana ɗauko mata nonon raƙumi a jarka, ya kai har bakin ƙofa, ya juya kafin a yi masa godiya. Da ta miƙe, Tolegen-aga ya yanka tunkiya, ya ajiye kan a gaban Gennadi yadda muke girmama babba a taro, ya ba shi bulalar mahaifinsa mai mariƙin azurfa. Gennadi ya cire agogon nasa mahaifin ya ɗaura masa. Daga ranar suka zama tamir, wato aminan rantsuwa. A wurinmu, abin da tamir ɗinka ya roƙa ba ka hanawa, ko dokinka ne, ko rigar jikinka, kuma kunyarsa taka ce. Mutane suka yi ta jira su ga abin da Barashen zai roƙa. Shekaru suka wuce bai roƙi ko allura ba.

Sai aka kashe tashar. Aka ce ta tsufa, ba za a sake kunna ta ba har abada. Wuta da ruwa aka koma samar da su da iskar gas, yawancin ma'aikata aka sallame su. Wanda ba ya wurin zai ɗauka shi ke nan, a rufe ƙofa a tafi. Amma a lokacin ne aka ninka shingen waya, aka ƙara hasumiyoyin gadi, aka kawo karnuka, Turawa suka zo suna kafa kyamara a kowane lungu. Mahaifina, kafin ya rasu, ya taɓa tambayar Tolegen-aga mene ne amfanin gadin gawa. Tolegen-aga ya ce masa lokacin da tasha take aiki, duk inda ka juya akwai ido, ko ƙusa ba ka isa ka sa a aljihu ba. Yanzu kuwa dogayen baranda ne ba kowa, ga makamashin da aka cire daga tukunyar tashar yana nan kwance a cikin gangunan ƙarfe, abin da in ya faɗa hannun mugu zai haɗa bam da shi. Ya ce ba a taɓa buƙatar gadi kamar yanzu ba.

A nan aka kawo dokar mutum biyu. Ɗakin da gangunan suke, ba mai shiga shi kaɗai, ko da shugaban tashar ne. Mutum biyu, kowa da makullinsa, kowa da lambar sirrinsa da zai danna, kowa da hatiminsa. Hatimin ɗan ƙaramin tagulla ne, bai fi kan ɗan yatsa ba, da lambar mai shi a jiki. A jikin ƙofar akwai 'yan kofuna biyu cike da danƙo. In an kulle, sai a ja zare ya ratsa ta kan danƙon, kowa ya danna hatiminsa a kofinsa. Da safe kowa ya duba na ɗan'uwansa kafin a tsinke. Manufar a fili take: mutum ɗaya yana iya lalacewa, yana iya karɓar cin hanci, yana iya haukacewa, amma ba zai iya buɗewa ba sai da na biyun. Ba don taimakon juna aka haɗa su ba. Don kowa ya zama mai gadin ɗaya ne. Shi ya sa lokaci-lokaci ake kiran kowannensu ofishin tsaro, a rufe ƙofa, a tambaye shi ko ya ga wani canji a abokin aikinsa, shaye-shaye ko baƙin abokai ko rashin lafiya.

An yi ta ja-in-ja kafin a haɗa su biyun, don an san aminai ne. Amma mutanen da suka ci gwajin amana ba su da yawa, kuma Tolegen-aga ya ce wa shugaban tsaro na lokacin, ba wanda ya fi aboki iya sa ido, don shi ya san fuskarka ranar da kake lafiya. Aka yarda. Gennadi ya zama mai hatimi na farko, Tolegen-aga na biyu.

Ban taɓa ganin mutum ya riƙe abu kamar yadda ya riƙe tagullar nan ba. A wuya yake rataya ta, a ƙarƙashin singileti. Da ita yake shiga wanka. Kulpash-apa ta taɓa gaya wa mahaifiyata cewa wata rana ta ga ta yi baƙi, ta ce ya kawo ta goge masa da toka, ya kalle ta kamar ta ce ya ba ta idonsa ta wanke. A bikin 'yarsa ma, ana rawa, hannunsa yana kan ƙirji. Gennadi ya tashi da kofi a hannu ya ce wa jama'a, makiyayin nan mata biyu gare shi, ta gida da ta wuya, kuma kowa ya san wadda ya fi tsoro. Aka yi dariya. Tolegen-aga ya ce gara shi, ci-kabeji kuwa a aljihun wando yake ajiye tasa tare da ƙugiyar kamun kifi, wata rana zai danna tsutsa a ƙofar gwamnati.

Haka suka yi shekaru. Gashinsu ya yi fari a kan kujera ɗaya ta motar ma'aikata. Sannan Raisa ta rasu, 'yarsu tilo tana aure a can Rasha, Gennadi ya zauna shi kaɗai a benen da ke kallon namu.

Abin da ya biyo baya na same shi ne a kicin ɗinmu, daga bakin Kulpash-apa, tana ba mahaifiyata labari tana share ido da gefen ɗankwali. Abin ya fara da ƙarami. Wata yamma Gennadi ya danna hatiminsa a danƙo ba tare da ya ja zaren ba. Tolegen-aga ya ja masa, suka yi dariya. Wata rana ya kira shi da sunan wani abokin aikinsu da ya mutu tun tuni. Sai wata safiya ya tsaya a gaban madannin lamba, yatsa a sama, lambar ta ɓace masa. Wuyansa ya yi ja. Tolegen-aga ya yi shekaru yana ganin yatsan nan yana yawo a kan madannin, ya san lambar ba tare da ya taɓa niyyar saninta ba. Ya juya wa kyamara baya, ya yi kamar tari ya sarƙe shi, ya faɗi lambar ga bango. Ƙofa ta buɗe.

Bayan nan hatimin ya ɓace. Suka kwashe yini guda na hutu suna juya gidan Gennadi, daga ƙarshe suka same shi a cikin gwangwanin sukari. Gennadi ya zauna a bakin gado yana juya shi a tafin hannu. Ya daɗe. Sannan ya miƙa.

"Tamir," ya ce, "ban taɓa roƙonka komai ba."

"Kada ka fara yau."

"Riƙe min. Ka ba ni a mota da safe, ka karɓa da yamma. In suka cire ni daga wurin nan, me zan tashi in yi da safe? Yarinyar nan za ta zo ta kwashe ni kamar tsohon kabad, Raisa kuma tana nan a bayan gari ita kaɗai."

Tolegen-aga ya karɓa. Ya zura shi a igiya ɗaya da nasa. Daga ranar, mutum ɗaya a duk faɗin tashar yana ɗauke da hatimi biyu da lambobi biyu, ya kuma san inda makulli na biyu yake. Abin da aka kashe dukiya aka kafa shinge da kyamara don kada ya faru, ya faru, kuma a wuyan mutumin da ya fi kowa tsoron doka. Da aka kira shi ofishin tsaro aka yi masa tambayar da aka saba, ya ce bai ga komai ba. Gwajin likita kuwa Gennadi ya wuce shi da barkwanci, don har lokacin bakinsa bai mutu ba, kuma ranar kansa a sake yake.

Na san wannan lokacin da idona, ko da ban san dalili ba. Tolegen-aga ya rame. Ya daina zama a benci da tsofaffi. In na gaishe shi a matakala, sai ya amsa kamar na tashe shi daga barci.

A cikin hunturun nan aka gama kwashe gangunan. Jirgin ƙasa na musamman ya riƙa ɗaukar su, da sojoji gaba da baya, zuwa wata ma'ajiya can cikin daji mai nisa. Da na ƙarshe ya tafi, aka ce tashar ta sauka daga matakin tsaro na farko, tunda abin da ake tsoron a sace ya bar wurin. Aka janye karnuka. Hasumiyoyin gadi suka zama gidan tsuntsayen teku. Ɗakin dai ba a bar shi a buɗe ba, don akwai tsofaffin bututu da tarkacen ƙarfe da suka sha guba irin wadda ba a gani ba a jin warinta, kuma ɓarayin ƙarfe sun fara leƙen shinge. In yankin bututu ɗaya ya fita ya shiga kasuwar gwangwan, zai iya ƙarewa a tukunyar wani. Amma sabon tsari ya ce wannan ba ya buƙatar mutum biyu. Mutum ɗaya, makulli ɗaya, hatimi ɗaya. Wanda za a bari kuwa shi ne na farko, mai takarda, wanda ya fi daɗewa: Gennadi. Tolegen-aga za a sallame shi, saura kaɗan ya cika shekarun da ake ba masu aikin haɗari cikakken fansho.

Na daɗe ina juya wannan wurin a raina, don a nan ne labarin ya ƙi kwanciya. In ka tambayi masu son Tolegen-aga, za su ce maka abin a fili yake. Muddin suna biyu, shi ne ƙwaƙwalwar Gennadi, shi ne idonsa, ƙofar ba ta taɓa kwana a buɗe ba. In aka cire shi, za a bar mutumin da ke sa hatimi a sukari shi kaɗai da ɗakin guba. Ba shi da zaɓi. In kuma ka tambayi sauran, za su ce ya yi shiru duk lokacin da shirun bai ci masa komai ba, ya buɗe baki a makon da kujerarsa ta fara rawa. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun hanya ɗaya suke nuna masa, zuwa ofishi ɗaya. Mutum yana iya sanin zuciyarsa ne in abin da ya dace da abin da yake so suka rabu. Nasa ba su rabu ba.

Akwai kuma abu na uku da ba wanda yake faɗa, ni ma ina faɗarsa ne da nauyin baki. Tun ranar da suka haɗu, Gennadi yana gaba da taki ɗaya. Shi ke da takarda, shi Turawa ke fara miƙa wa hannu, shi ke sa hannu a sama. Ɗan makiyayin raƙuma ya zama na biyu shekara da shekaru, yana dariya in an ce masa makiyayi. Ban ce yana jin haushi ba. Na ce dai mutum yana iya son wani har ransa, kuma a can ƙasa akwai wani ɗan wuri da ya gaji da tsayuwa a baya. Kuma wanda ya ɗanɗana ɗaukar hatimi biyu, ya san cewa a gaskiya shi kaɗai ke riƙe da ƙofar nan, zai yi wuya ya yarda a ce shi ne wanda ba a buƙata.

Tolegen-aga bai fara da ofishi ba, wannan kowa ya shaida. Gidan Gennadi ya fara zuwa, ya ce masa ya sauka da kansa, ya ce gwiwa ce ko hawan jini, ya fita da mutuncinsa. Gennadi ya tashi tsaye. Ya ce tun makiyayi bai san bambancin famfo da bututu ba yake aikin nan, wa ya isa ya ce masa ya manta? Sau ɗaya ya ɗan rikice, shi ne za a mai da shi mahaukaci? Ya ce kujerar yake so, ya faɗa kawai. Ya fizge hatiminsa, ya nuna masa ƙofa. Washegari da yamma, a cikin mota, ya ciro shi daga aljihu ya miƙa masa kamar kullum, yana ba shi labarin wani kifi da ya kuɓuce masa. Bai tuna sun yi magana ba.

Ranar Lahadin da ta biyo baya ce na ji faɗan ta bango.

Litinin da safe bai ba Gennadi hatiminsa a mota ba. Ya ce masa ya jira shi a ɗakin shan shayi. Ya wuce ofishin shugaban tsaro, wani matashi sa'an ɗansa, ya cire igiyar daga wuya, ya ajiye a kan tebur. Matashin ya kalli tagulla biyu, ya karanta lambobin, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Aga, kun san abin da kuka faɗa a kan kanku kuwa?"

"Na sani, ɗana. Rubuta nawa tukuna, sannan nasa."

Ya faɗi komai, har tarin ƙarya da amsar da ya bayar a wannan ofishin. A ranar aka karɓe katin shigar Gennadi. Soja ya raka shi har bakin shinge, Gennadi yana ta tambaya ko wani abu ya faru a gida ne. Aka dakatar da Tolegen-aga, aka zo daga babban birni aka ƙirga duk abin da ke ɗakin, aka bi bayanan gangunan da suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ya ɓace.

Ina ganin ya sa rai za a kore shi. Kora za ta wanke shi; ba wanda zai ce mutum ya sayar da amininsa don kujerar da shi ma ya rasa. Kulpash-apa ta ce a makonnin dakatarwar ya fi cin abinci, har ya gyara famfon da ya shekara yana ɗiga. Amma da hukunci ya fito, gargaɗi mai tsanani aka ba shi, aka ce kuma tunda ba wani mai izinin shiga da ya san ɗakin, kuma horar da sabo zai ɗauki lokaci, shi zai riƙe wurin. Ya dawo gida ranar kamar wanda ya dawo daga maƙabarta.

Yana iya cewa a'a. Wannan ma na juya shi. Yana iya cewa ku nemi wani, ni na gama. Bai ce ba. Da safe ya goge takalmi ya tafi.

Garinmu ba a zagin dattijo a fuska. A sadakar wani mamaci aka kawo kan tunkiya, Tolegen-aga ne babba a ɗakin, sai mai gida ya wuce shi ya ajiye a gaban wanda bai kai shi shekaru ba. Ba wanda ya ɗaga ido. A gida kuwa Kulpash-apa ba ta hana shi abinci ba, duk da abin da ta faɗa. Shayi ne ta riƙa cika masa ƙoƙo har baki, yadda ake yi wa baƙon da ake so ya sha ya tafi, maimakon ɗan kaɗan a gindi da ake ta ƙarawa don hira ta yi tsawo. Yakan ɗauka da hannu biyu kada ya zube, ya shanye. Sai da bazara ta kusa ta koma zuba masa rabi.

Sau ɗaya na yi ƙarfin halin taɓa maganar. Na same shi a matakala yana hutawa da jakar dankali, na karɓa masa. Na ce, aga, mutane suna magana, amma ni na san don ɗakin nan kuka yi. Na faɗa ne don in faranta masa. Ya dube ni, ya ce kada in yi saurin ba shi abin da bai tabbatar nasa ne ba. Ya ce shi ma yana tambayar kansa a mota, wata rana amsar ta zo haka, wata rana ta zo haka, kuma ranar da ta zo da daɗi ita ya fi zargi. Ya karɓi dankalinsa ya shige.

'Yar Gennadi ta ce sai an yi hutun makaranta za ta zo ta ɗauke shi. Kafin nan Kulpash-apa ke kai masa abinci, ta wanke masa kaya, ta raka shi kabarin Raisa ranar Asabar. Ciwon ya yi sauri da aka raba shi da aiki. Wannan ma Tolegen-aga ya sani, ba sai an gaya masa ba. Wasu ranakun Gennadi yana tuna komai. In ya hango Tolegen-aga daga baranda sai ya tofar da yawu ya shige ciki. Wasu ranakun kuma sai ya tashi da sassafe, ya aske gemu, ya sa rigar aiki, ya tsallako ya ƙwanƙwasa musu ƙofa don kada su makara.

Karon farko Kulpash-apa ce ta buɗe. Ta ce masa yau hutu ne, Yaya Dogo, an ce kowa ya zauna a gida. Ya yi murna, ya sha shayi, ya koma. Ta ce wa mijinta haka za a riƙa yi, me za a ƙara masa da baƙin ciki, tunda kafin azahar ya manta? Na ji wannan ma ta bango, amma ba da ɗaga murya ba. Tolegen-aga ya ce ya yi wa gwamnati ƙarya saboda mutumin nan, ba zai juyo ya yi wa mutumin ƙarya saboda kansa ba. Ta ce to wannan tausayi ne ko son a yafe maka ne, kana ta karya zuciyar tsoho don taka ta yi sauƙi? Ni dai ban san amsar ba.

Wata safiya na fito zan tafi kantin maganin da nake aiki, na tarar da Gennadi a bakin ƙofarsu. Ya sa rigar aiki, maɓallan sun saɓa, ya yanke kansa wurin aski, ɗan jini ya bushe a haɓarsa. Yana ta lalube aljihu. Ya gan ni ya yi murmushi, ya kira ni da sunan mahaifiyata.

Ƙofa ta buɗe. Tolegen-aga ya riga ya shirya, jakar abincinsa a hannu.

"Makiyayi, kullum sai an jira ka," in ji Gennadi. "Abin nan nawa yana wurinka ko? Ba ni tun yanzu, kada ka kai wa raƙuma."

Daga ƙasa aka ji motar ma'aikata ta tsaya, direban ya danna oda. Kulpash-apa tana tsaye a bayan mijinta, ta riƙe masa hannun riga, tana girgiza kai. Tolegen-aga ya saurari motar har ta tashi. Ya ajiye jakar a ƙasa, ya miƙa hannu ya gyara wa Gennadi maɓalli na sama, sannan ya matsa gefe ya ba shi hanya.

"Shigo ka zauna, tamir," ya ce. "Akwai abin da na yi maka, gara ka ji daga bakina."